Daga Mazari Zuwa Ƙoshiya: Gidan Masaƙi a Ƙasar Kano Cikin Ƙarni na 19

A farkon watan Fabrairu na shekarar 1851, zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Dabo, wani Bajamushe mai yawon bincike, wanda gwamnatin Ingila ta aiko, ya shiga birnin Kano. Sunansa Heinrich Barth, amma a ƙasashenmu da Abdulkarim ya riƙa amsawa. Ya yi wajen wata guda a birnin, yana fama da zazzaɓi da bashi, duk da haka bai fasa tambaya da rubutu ba. Daga cikin abin da ya ƙiyasta har da kuɗin tufafin da Kano ke fitarwa zuwa wasu ƙasashe a shekara, wanda ya ce bai gaza wuri miliyan 300 ba. Tambutu kaɗai, in ji shi, takan karɓi kayan raƙuma 300 a shekara. Domin mai karatu ya fahimci nauyin wannan adadi, shi Barth ɗin ya nuna cewa da wuri 50,000 zuwa 60,000 magidanci zai ci, ya sha, ya tufatar da iyalinsa shekara guda cur. In muka raba, za mu ga kuɗin tufafin nan ya isa ya riƙe gidaje dubu biyar zuwa dubu shida, ban da tufafin da aka saƙa aka ɗaura a gida.

Wani abu da ya ƙara burge baƙon shi ne yadda ake gudanar da sana'ar. Ya fito daga nahiyar da aka fara tara dubban mutane cikin manyan masana'antu, ga hayaƙi ga ƙarar inji, sai ya tarar da ƙasar da ke tufatar da rabin Sudan ta Tsakiya alhali kowa yana aikinsa a gidansa, cikin iyalinsa. A kan haka ya yanke hukuncin cewa Kano na cikin ƙasashen da suka fi kowace jin daɗi a duniya. Yabo ne mai daɗin ji, kuma marubutanmu sun sha maimaita shi. Sai dai kuma Barth ya tsaya ne a kasuwa da zaure, kamar yadda ya kamaci baƙo namiji. Wannan maƙala za ta yi sallama ta shiga cikin gidan, ta ga su wane ne a ciki, da abin da kowa ke yi.

Aikin tsakar gida

Tufa daga gona take farawa. Masaƙin ƙasar Kano manomi ne kafin ya zama masaƙi. Da damina yana gona tare da ƙannensa da 'ya'yansa a ƙarƙashin tsarin gandu, suna noma gero da dawa da wake, sa'an nan a ware wani fili ko a ratsa auduga a tsakanin shuka. Bayan an kai amfanin gona rumbu, sanyin hunturu ya fara kaɗawa, sai auduga ta fashe, a shiga tsinka. Daga ranar da ta shigo gida kuwa, ta bar hannun maza ta koma hannun mata, kuma za ta daɗe a can.

Da farko akwai gurza. Mace za ta ɗora auduga a kan magurji, ta riƙa murza ɗan siririn ƙarfe a kanta har gurya ta fita ta bar kaɗa zalla. Guryar ma ba ta zubarwa ba ce, domin ita ce irin baɗi, ita ce kuma abincin dabbobi. Daga nan sai shiɓa, inda ake kaɗa tsarkiyar ɗan baka a cikin audugar har ta tashi ta yi laushi. Sa'an nan a zo ga kaɗi, wanda shi ne uwar aikin duka. Kayansa ba su da yawa: mazari da gululunsa na yumɓu, da ɗan abin da za a kafa gindin mazarin a ciki don kada ya zame, da alli da ake dangwala a yatsu saboda santsi. Amma ƙwarewar da yake bukata ba a samunta a shekara ɗaya. Yarinya takan fara da abawa, wato zare mai kauri, tana yi uwa ko kaka na warwarewa, sai hannunta ya faɗa kafin a amince mata ta ja siririn zare mai ƙarfi wanda zai jure ja a kan masaƙa.

A nan ne lissafin gidan yake. Abin da masaƙi zai cinye na zare cikin yini guda, mace ɗaya ba ta kaɗa shi a yini guda, ko da ba ta tashi ta dafa tuwo ba. Saboda haka bayan kowane masaƙi ɗaya da Barth ya gani a bakin hanya, akwai mata da dama da bai gani ba: matan aure da ke cikin kulle, da tsofaffi, da zawarawa, da 'yan mata, da kuyangi. Suna kaɗi da hantsi bayan an gama daka, suna yi da la'asar, suna yi da dare a gaban fitilar aci-balbal, yara na kewaye da su ana tatsuniya. Idan har za a ce tufafin Kano sun kai Tambutu da Agadas da Gat, to yatsun waɗannan mata ne suka kai su.

Wani abin lura, wanda baƙi kan yi mamakinsa, shi ne cewa zaren nan ba na maigida ba ne. A al'adar Bahaushe, wadda shari'a ta ƙarfafa, dukiyar mace tata ce. Mace kan sayi auduga da kuɗinta, ta kaɗa, ta ba dillaliya ko 'yarta mai talla ta kai kasuwa. In mijinta masaƙi ne yana son zaren, sai ya saya, a yi ciniki kamar yadda zai yi da bare. Kuɗin da ta samu shi take zubawa a adashi, da shi take biki, da shi take tara wa 'yarta tasoshi da ƙore na kayan ɗaki. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙauyukan Zazzau a 1949 da 1950, ya tarar da wannan tsari yana nan da ransa, kuma labarin Baba ta Karo, wanda matarsa Mary Smith ta rubuta daga bakin ita Baba aka buga a 1954, yana nuna yadda rayuwar mace ta ƙarshen ƙarni na 19 ta kasance tsakanin turmi da mazari. Ke nan gidan masaƙi tukunya ɗaya ce wajen ci, amma jaka ba ɗaya ba ce.

A ƙarƙashin rumfa

Idan zare ya samu, sai wadari. Masaƙi ko yaronsa zai kafa turaku a fili, ya riƙa kai da komowa yana jan zare a tsakaninsu har ya sami tsawon da yake so da yawan sillen da faɗin ƙwaryar zai ci. Wannan kai da komowa ne ya sa har yau in mutum ya cika zirga-zirga akan ce yana wadari. Daga nan a zura zaren ta cikin allera da matsefi, a naɗe ragowar a ɗora kan kunkuru, wato ɗan abin ja da ake danne shi da dutse can nesa gaban masaƙi. Yana taka ƙafa zare na buɗewa, yana jefa ƙoshiya da kwarkwaronta daga hannu zuwa hannu, yana bugawa da matsefi, kunkurun nan na matsowa a hankali kamar mai sunansa. In ya iso, a warware wani zaren a mai da shi baya.

Masaƙar maza ba ta da faɗi. Ƙwaryar da take fitarwa takan yi faɗin yatsu huɗu, ko tafin hannu, wata kuwa, irin wadda ake yi domin turkuɗi da rawani, ba ta kai faɗin yatsu biyu ba. Sai an haɗa ƙwarya da yawa an ɗinke kafin a sami zane ko riga. Mata su ma suna da tasu masaƙa ta tsaye a cikin gida, mai fitar da ƙyalle mai faɗi, irin na zanen goyo da majanyi. Amma kayan fatauci mafi yawa daga rumfar maza suke fitowa: fari, da saƙi mai kama da zanen zabo, da barage mai ratsin jan alharinin da ake kawowa daga Turabulus, da tsamiya da ake samu daga saƙar wata tsutsa ta daji, da gwado da luru na rufa.

Yaro a gidan masaƙa yakan fara da naɗa zare a kwarkwaro tun yana shekara bakwai ko takwas, tsakanin karatun allo na safe da na yamma. In ya tasa a ba shi wadari, sa'an nan a zaunar da shi kan masaƙa ya fara da fari. Ba a biyansa, domin aikinsa na gandu ne, sai dai uban ne zai ciyar da shi, ya biya masa haraji, ya yi masa auren fari. Bahaushe ya bambanta sana'ar gado da ta haye, kuma ya fi ganin girman wanda ya gada. Duk da haka, sai mu faɗi gaskiya, masaƙi bai taɓa zama a sahun gaba ba a idon jama'a. Malami da attajiri da basarake suna gabansa nesa, ko da yake rigar da ke wuyansu daga hannunsa ta fito.

Dalilin haka a fili yake ga wanda ya bi sawun kuɗin. Ƙwarya in ta bar rumfa sai ta je wurin maɗinki, daga nan ta je karofi a tsoma ta cikin baba da toka sau da yawa, daga nan ta je mabuga a zuba mata shuni a yi ta dukanta da sanduna a kan gungume har ta ɗauki ƙyallin nan da Buzaye ke so. Garuruwan kudancin Kano irin su Kura da Bunkure da Rano sun shahara da wannan, kamar yadda Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya bayyana a kundin digirinsa na 1975. A kowane mataki daraja na ƙaruwa, amma wanda ke da jarin da zai sayi fari da yawa, ya biya marina da mabuga, ya jira ayari, shi ke kwashe mafi tsoka. Masaƙi kuwa sau da yawa sai ya sayar da saƙar yau kafin ya sayi zaren gobe.

Akwai kuma mutanen da yabon Barth ya tsallake. Bayan jihadin da aka fara a 1804, yaƙe-yaƙe sun kwararo da bayi masu yawa cikin ƙasar Kano. Sarakuna da attajirai sun zaunar da su a rinji da gandaye, irin na Fanisau da Ɗorayi da Gandun Nasarawa, suna noma hatsi da auduga da baba. Cikin waɗanda aka kamo akwai gwanayen saƙa, akwai kuma mata da aka raba da 'ya'yansu aka zaunar a kan kaɗi. Bawan da ya iya sana'a yakan yi murgu, wato ya yi aikin kansa yana biyan ubangijinsa wani abu da aka yanka, yana tara saura da fatan fansar kansa. Arahar tufar Kano, wadda ta sa ta ci kasuwanni masu nisa, tana da alaƙa da wannan aiki da ba a biya ba. A ganina duk tarihin saƙa da ya ambaci wuri miliyan 300 ya yi shiru a kan rinji, to ya ba da rabin labari ne.

Nan gabas, inda tufa ta zama kuɗi

Mu da ke wannan yanki na Potiskum muna da namu rabo a labarin. Ƙasashen Bolewa da Ngizim da Karekare sun kasance a tsakanin daular Borno da masarautun daular Usmaniyya irin su Katagum da Misau da Gombe, kuma fatake masu kai kayan Kano gabas suna dawowa da kanwa da dabbobi ba baƙi ba ne a wannan sashe. Shi kansa Barth da ya bar Kano zuwa Kukawa a watan Maris na 1851, ta Gumel da Machina ya bi, wato ta arewacin Jihar Yobe ta yau. A Borno ya tarar da abin da ya kamata ɗalibin tarihi ya tsaya a kansa: ƙwaryar farin saƙa, wadda ake kira gabaga, ita ce kuɗin kasuwa. Wuri bai daɗe da shigowa ba a lokacin, a zamanin Shehu Umar aka fara karɓarsa a Kukawa, kuma wuri takwas ke daidai da gabaga ɗaya. Ma'anar wannan ita ce, magidancin da ke da auduga a gona, da mata masu kaɗi, da masaƙa a ƙofar gida, yana buga kuɗinsa da hannunsa. Da shi zai sayi hatsi, da shi zai biya sadaki, in kuma ajali ya zo a naɗe shi a ciki.

Takwaransa na Sikotlan

Bari mu leƙa gidan da Barth ke kwatanta namu da shi. Shekaru 27 kafin zuwansa, a 1824, wani mutumin Sikotlan mai suna Hugh Clapperton ya zo Kano, har ya sayi laimar auduga ƙirar Ingila a kasuwar birnin. A ƙasar da ya baro, gidan masaƙi bai yi nisa da namu ba a tsari. Masaƙa tana ɗakin ƙasa, iyali na kwana a ɗaki ɗaya ko biyu, mata da yara suna naɗa zare a kwarkwaro, abinci kuwa kunun hatsi ne da dankali. Bambancin shi ne, tun kafin Sarauniya Biktoriya ta hau gado a 1837, inji ya riga ya ƙwace kaɗi daga hannun mata. A garuruwan ulu irin su Galashiels da Hawick, zare daga masana'antar bakin kogi yake fitowa, mai masana'anta ya ba masaƙi ya saƙa, ya biya shi lada a kan kowane yadi. Masaƙin nan ba shi da gona, ba shi da rumbu. Ranar da lada ta faɗi, tukunya ta faɗi tare da ita.

Kuma ta faɗi. Wajen 1840 akwai masaƙan hannu fiye da 80,000 a Sikotlan, amma zuwa 1850 sun koma wajen 25,000. Garin Paisley, wanda ya shahara da saƙar mayafi, ya shiga irin ƙuncin da har hukumar garin ta tsiyace a 1842. A Dunfermline, wani masaƙin lilin mai suna William Carnegie ya rasa aiki, matarsa ta koma ɗinkin takalma da ɗan kanti don a ci, daga bisani suka sayar da masaƙa suka yi ƙaura zuwa Amurka a 1848. Ɗansu Andrew, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran duniya, aikinsa na farko a can shi ne canza kwarkwaro a masana'antar auduga. Mary Slessor ma, wadda ta zo Kalaba a 1876, 'yar masaƙiya ce, kuma tun tana yarinya take aiki a masana'antar saƙa a Dundee. Idan aka dubi wannan, za a ga Barth na da hujja. Masaƙin Kano, in kasuwa ta mutu, yana da gero a rumbu. Gandun nan da ya hana shi zama masaƙi tsantsa, shi ne ya kare shi.

Bayan 1903

Da Turawa suka ci Kano a 1903, masu masana'antun Lankasha sun sa rai cewa Arewa za ta zama gonar audugarsu, kuma kasuwar yadinsu. Sun riga sun kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA a 1902. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa injin gurza a Zariya, aka shigo da irin audugar Amurka mai suna Allen. Amma abin bai tafi yadda suka tsara ba. Farashin da ƙungiyar ke bayarwa bai kai wanda masu kaɗi da masaƙa na gida ke biya ba, don haka manomi ya ci gaba da kai audugarsa kasuwar ƙauye, ya kuma juya ga gyaɗa domin samun kuɗin haraji. Shekara da shekaru mazari na gaba da inji a wajen sayen audugar ƙasar Kano. Lokacin yaƙin duniya na biyu ma, da yadin Turai ya yi ƙaranci, saƙar gida ta sake farfaɗowa.

Abin da ya ci gidan masaƙi ya zo ne sannu a hankali, ta kafofi da dama. Hanyar Sahara ta yi rauni, alharinin Turabulus ya daina zuwa. Dokar Lugard ta ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, aka kuma soke bauta gaba ɗaya a 1936, rinji ya watse. Shunin kanti, wanda Jamusawa suka fara sayarwa a 1897, ya rage wa baba daraja. Akoko da alawayyo da atamfa suka cika kantuna, amarya ta fara ganin lefen da babu atamfa a cikinsa bai cika ba. Kuma kamar yadda ya faru a Sikotlan, kaɗi ne ya fara mutuwa kafin saƙa. Da zaren inji ya shigo kasuwa, masaƙi ya ga ya fi araha kuma bai cika tsinkewa ba, sai ya daina saye daga matan unguwa. Shi ya ƙara wasu shekaru a rumfarsa, su kuwa suka rasa sana'ar da ta riƙe su ɗaruruwan shekaru, suka koma ga ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula da sayar da abinci. Ba a rubuta wannan asara a rahoton kowane Razdan da irin girman da ta cancanta ba, domin a bayan katanga ta auku.

A 1957 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello, ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na Lankasha aka buɗe masaƙar Kaduna, wadda ta fara da fitar da akoko. 'Ya'yan manoma da jikokin masaƙa suka tafi Kakuri suka zama ma'aikata masu albashi, wato suka shiga irin rayuwar da Barth ya taya kakanninsu murnar tsira daga gare ta. Ita ma masaƙar ta rufe a 2002, sauran na Kaduna da Kano suka bi sahu, yadin Sin ya maye gurbinsu a Kantin Kwari da kasuwar Potiskum.

A can Sikotlan, majalisar Birtaniya ta yi doka a 1993 wadda ta ce ba za a kira yadi da sunan Harris Tweed ba sai in mutanen tsibiran ne suka saƙa shi da hannu a gidajensu, kuma da wannan suna ake sayar da shi da tsada a duniya. A nan, rawanin da ake kira ɗan Kura da alashon da Buzaye ke naɗawa sun ci gaba da fitowa daga Kura ba tare da wata doka ta tsaya musu ba, marinar Ƙofar Mata kuwa ramuka kaɗan ne suka rage da baba a cikinsu, sauran sun cike da ƙasa.